Kasken da ya hau bisa rawani

Ka taɓa ganin dattijo tsaye a tsakiyar kasuwar Dakoro yana kauce wa kifin da babu shi? In ba ka gani ba, ba ka biyo ta rumfar Hamsatu ba ke nan.

Cajin salula take yi kusa da kasuwar dabbobi. Bara ta sayar da tunkiyarta ta sa aka kawo mata kaske daga Maradi, gilashin nan da ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kansa a wata duniya. Mai arha ne, ba ruwansa da waya ko salula, kowa ya biya sai ya kalla. Ni da rumfata ke jikin tata, ba abin da ke wuce ni ban ƙirga ba. Aibinsa huɗu: batir ba ya kai azahar, goshi na zafi, gefen hoto dishi-dishi, in ka daɗe jiri ya ɗebe ka. Masu gwadawa ranar kasuwar farko, biyu.

Makiyayan Azagor da ta sa wa rai sai su leƙa su wuce. Mijinta Rabo ya ce, "Tunkiya mai haihuwa kika bayar don madubin wasa. Maida shi inda ya fito."

"Ba inda za shi, Malam."

Ta tare Agali, wani dattijo mai raƙuma da ke kawo mata caji. "Baba Agali, tsoro kuke ji ne?"

"Tsoron mi, ɗiyata? Ke kika ce sai an tuɓe rawani. In yaye amawali, bakina a waje gaban surukina? Abin kunya ne a wurinmu. Ga shi can yana cinikin akuya!"

Ashe nan gizo ke saƙa: robar kasken ba ta haye rawani. Hamsatu ta kwance ta, ta nufi wurin baduku, ya ɗinka mata doguwar fata mai maɗauri.

Agali ya ɗaura bisa rawaninsa, bakinsa rufe da amawali. Ta kunna masa teku. Can sai ya yi tsalle baya. "Kai! Wanga ruwa duka, ba mai shayar da dabba?"

Surukin ya bar cinikin akuya ya ce a ba shi. Rawani goma sha ɗaya na ƙirga a layi kafin batir ya mutu. Yanzu Rabo ne ke riƙe wa mutane sanda, zancen tunkiya kuwa bai sake tasowa ba.

Ranar kasuwa ka zo da hantsi ka gwada da kanka. Kada ka tuɓe komai.