Rariyar da Mutari Ya Nema Shekara Shida

Wanda duk ya taɓa kai waya gyara bakin tashar Magarya ya san Mutari, mai rumfar nan da ke duban inda motocin Waca ke lodi. Hannunsa na da kyau, sai dai bai faye magana ba. Amma ka tambaye shi labarin baƙar na'urar wasan da ke cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin teburinsa, to, nemi benci ka zauna.

Ta yayansa ce, Tanko. A Kano ya saye ta, aka yi mata dabara tana karɓar wasannin da ba na kamfani ba. Tana ɗaukar murya ma, kuma Tanko ya sha yi mata surutu. Da zai tafi Libiya nema ya bar ta a gida. Shi ke nan, yau shekara bakwai, ba waya, ba saƙo.

Wata rana na'urar ta nemi a sabunta mata manhaja, abin da masu gyara ke kira mizajur. Mutari kuwa an tashe shi kan cewa ba a ce wa baƙo a'a, sai ya danna “to”. Ta mutu, ba ta sake farkawa ba, muryar Tanko na ciki.

Ga yadda yake bayanin abin: “Na'ura gida ce mai zaure. In ka kunna ta, akwai mai gadi da ke tambayar kowace manhaja, ‘Wa ya aiko ki?’ In ba hatimin kamfani, ba shiga. Mizajur ta canja mai gadi, shi kuma bai san mutanen Tanko ba. Amma ai kowane gida na da rariya.”

Neman rariyar nan ne ya mai da shi mai gyara. Ya lalata wayoyi, ya koyi karatun Turanci a dole, har ya gano cewa in aka haɗa wasu ƙananan ƙafafu biyu na gefen na'urar daidai lokacin kunnawa, mai gadi kan zaci masu kamfani ne suka zo gyara, ya kauce. Sai dai duk wayar ƙarfen da ya gwada haɗa su da ita ta yi kauri.

Bara, ranar wata kasuwa, innarsu Baturiya ta biyo ta rumfar. Ta daɗe tsaye tana kallonsa.

“Kai dai har yau kana nan kana tsokanar gawa?”

“Inna, siririyar waya na rasa.”

Ta zare ɗan kunnenta ta miƙa masa. “In ka karya min, ka sani.”

Ya miƙar da ƙugiyar ɗan kunnen, ya haɗa ƙafafun da ita, ya danna. Gilashi ya kawo haske. Ya tura gyaran daga kwamfuta, ya lalubo muryoyi. Mizajur ta share kusan duka, ɗaya tak ta rage.

“Ana ji? Ana ji? To, Mutari, in na dawo na tarar ka taɓa min kaya, ni da kai ne!”

Inna ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Sake sa min,” ta ce.

Tun daga ranar, duk kasuwa sai ta zo. Ɗan kunnen kuwa ba ta karɓa ba, da guda take yawo.