Fasa-ƙwauri a Tafin Ƙafa

Shekara talatin Abdulbaƙi ya yi yana jigilar kaya a babur tsakanin Illela da Ƙonni, rabinsu ta ɓarauniyar hanya. Yakan bugi ƙirji ya ce ba a haifi mai tsaron iyakar da zai ga ko ƙeyarsa ba.

Da baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, ya ce ƙunar salansar babur ce. Matarsa Mahbuba ta ce ƙuna ba ta ƙara faɗi, ta tasa shi gaba sai asibitin Sakkwato.

Likita ta ce kansar fata ce. "Baba, jikinka na da sojoji masu gadi, amma ciwon nan ya iya wuce su ba su gane shi ba. Ruwan da za mu riƙa ɗaura maka zai buɗe musu ido."

"Mi? Cikin jikina aka fasa-ƙwauri, ni ban sani ba?"

Yanzu duk ranar ƙarin ruwa sai ya harari hannunsa ya ce, "Ku tare kowa, ku zazzage kaya!"

Mahbuba takan ƙyalƙyale da dariya. "Yau kai ka son shinge, Malam?"

"Wanga karon ni ne ƙasar."