Bayan Faifan Yayana

Shekarar da matar yayana ta rasu aka turo ni Samaru in riƙa dafa masa abinci. Ma'aikaci ne a gonar gwaji, amma ran Asabar sai ya hau keke ya nufi Sabon Gari, inda suke wasan kwaikwayo da 'yan reluwe. Yau sarki, gobe mahaukaci, kuma kowane wasa sai ya rufe shi da waƙa.

Da masu ɗaukar murya suka zo Zariya, ya yi musu waƙoƙi a kan marigayiyar, a jere kamar labari. Kowane faifan garmaho fuska biyu gare shi. A gaba ya sa farin cikin: ganinta a tasha, zance, biki. A baya ya sa ciwon, da jinyar, da ranar da aka kai ta.

Wallahi na gaji da faifan tasha, don waƙar ƙarshe ce a bayansa, kuma ita kaɗai Yaya ke sawa. Ina tuƙa tuwo faifan yana kuka, ina shara yana kuka. Allurar garmaho canza ta ake yi a kai a kai, shi ko Yaya ko a jikinsa, da dakusasshiya yake ta nika abinsa. Na ce, "Yaya, don Allah ka bar baiwar Allah ta huta, mu ma mu huta." Ko kallona bai yi ba.

A Sabon Gari kuwa waƙar tasha ta kama gari. Mai shayi, tela, gidan biki, ko'ina ita ce, har waɗanda ba sa jin Hausa suna rawa.

Daga baya bayan faifan Yaya ya cinye, sai shuuu kawai kake ji. Na ce alhamdu lillahi a raina. Ina! Sai ga shi ya ce, "Ke, je ki wurin telan nan ki aro mini nasa."

Na je, na dawo ƙafa duk ta yi tsami. Ya karɓa ya duba. Gaban ya yi fari fat don shan allura, bayan kuwa baƙi wuluk yana sheƙi, allura ba ta taɓa hawa kansa ba. Na ce haka na mai shayi ma yake, ba mai juyawa.

Ya daɗe yana riƙe da shi.

"Ashe a can har yanzu tana tsaye a tasha," in ji shi. "Mayar masa. Kada ki ce ya juya."