Firam ɗin da ya ƙi ɗaukar akwati biyu

Ranar Laraba ce, bayan Azahar, a ɗakina da ke Dutsin-Ma. Mu biyu ne, ni da kawuna, wanda ke da makarantar Islamiyya a Kurfi. Ya zo duba fom ɗin rajistar ɗalibai da nake haɗa masa a kwamfuta. Da ƙyar ya yarda a bar takarda, kuma ya ce in abin bai yi masa ba ran nan, an bar zancen.

Sharuɗɗansa biyu ne. Maza gefe, mata gefe, kamar zaman aji. Sannan layi ya kewaye su duka, irin na shafukan littattafansa.

A manhajar zana fom, wannan layin firam ne, gurabun rubutu kuma ana jera su cikin akwati. Na riga na sa akwatin maza a firam. Na jawo na mata da linzamin kwamfuta, na sake shi a ciki. Na maza ya ɓace.

"Ina ka kai mini mazan?" in ji Kawu.

"Suna nan, Kawu."

"Ni ban gan su ba."

Na janye matakin. Maza suka dawo, mata suka tafi. Na sake gwadawa, sakamakon bai canza ba. Babu wuta, batir ya yi ja. Kawu ya fara laluben takalmansa da ƙafa.

"To, ɗan nan, mu ko a zaure muna zaunar da su duka. Injin naka bai iya ba?"

Na buɗe rubutun da ke bayan zanen, inda manhajar ke nuna abin da ke cikin wane. A ƙarƙashin firam akwati ɗaya ne kullum. Ashe ba ya riƙe fiye da ɗaya, sabo kan ture tsoho.

Na fitar da duka biyun. Na sa babban akwati guda a firam, na raba shi gida biyu, na mayar da maza dama, mata hagu. Na saki linzamin a hankali. Babu wanda ya ɓace. Na adana aikin kafin in yi magana.

Kawu ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Sun yi kusa da juna. Ƙara musu tazara."

Na ƙara. Ranar Asabar aka fara rajista da fom ɗin a Kurfi, kuma wata yarinya daga Barkiya aka fara shigarwa.