Murhun da Na Hana wa Hatimi

Bayan farin tamanin da huɗu itace ya yi wuya a Konni, har mata suka koma tonon saiwa. Sai hukuma ta fito da murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan, aka kafa doka a kansa. Maƙerin da ya bi awon da aka aiko daga Yamai, aka buga wa murhunsa hatimi, shi ake ba falankin ƙarfe da rahusa, shi kuma ake bari ya kasa kaya ranar kasuwa. Awon da hatimin ni aka danƙa wa. Ina sabon ma'aikaci a buro, wato ofishin gandun daji, wando mai kari, biro uku a aljihu, ina tafiya kamar ni na shuka dajin.

Dabarar murhun ba ta da wuya. Tukunya ta zauna a ciki daram, ratar gefe kada ta wuce kaurin yatsa, don kada wuta ta zurare a banza. Awon kuwa zobba uku ne na ƙarfe, daidai da tukwanen dalma masu lamba.

Maƙera duk suka bi, in ban da wani tsoho mutumin Alela mai rumfa bayan tasha. Shi ba ya yanka ƙarfe sai mace ta aiko da tukunyarta. Yawancin masu zuwa wurinsa da tukunyar ƙasa suke girki, ginin hannu, ba ka samun biyu masu girma ɗaya. Yakan zagaye cikin tukunyar da igiyar kaba, ya ƙulla, wannan ƙullin shi ne awonsa.

Ranar da na je, na zura zobena a wani murhu da ya gama, ya yi sako-sako.

"Baba, wannan bai bi ƙa'ida ba."

"Wace ƙa'ida, Mushe? Ba cewa kunka yi wuta kar ta zurare ba? Ga tukunyatai nan, aza ka gani."

Na ɗora. Ta zauna daram, da ƙyar yatsana ya shiga gefe. Na gani da idona, kuma wannan ne yake cina har yau. Amma akwai mutane tsaitsaye, an yi dariya da ya kira ni Mushe, kamar yadda ake kiran Bafaranshe. Na ce masa takarda ba ta san tukunyar ƙasa ba.

"Ashe takarda ka tuƙa tuwo gidanku," in ji shi.

Aka sake kwashewa da dariya. Na rubuta da Faransanci cewa aikinsa bai dace ba, na ɗauke murhun zuwa buro a matsayin shaida.

Da na koma gida na tarar da Inna, mahaifiyata, tana hura wuta a kan duwatsu uku tana mita. Ta ce ta aika tukunyarta wurin maƙerin Alela, an dawo mata da ita ba murhu, wai ɗanta ya riga ya karɓa. Tukunyar da na ci tuwonta tun ina rarrafe ce na ɗora da hannuna ban gane ta ba. Shi kuwa ya san ta wace ce, bai tona ni a gaban jama'a ba.

Washegari na sako murhun a buhu na kawo mata. Takardar da na rubuta a kansa kuwa ban taɓa ta ba. Kunya ta hana ni zuwa wurin shugabanmu in ce na yi kuskure, kullum sai in ce gobe. Tsohon ya ɗan jure yana sayen tsoffin gangunan ƙarfe daga tsallaken iyaka, amma wanda ba shi da wurin kasa kaya ina zai kai? Kafin damina biyu ya ɗaure zugazugansa ya koma ƙauye. A rangadi na ga murhunan da na buga wa hatimi a gidajen garin Tsarnawa an kife su kaji suna ƙwai a ciki, don tukunyar ƙasa ta ƙi zama. Wannan ma ban rubuta ba.

Sai bayan rasuwar Inna na iya zuwa Alela. Na same shi gindin bedi yana wasa bakin fartanya, idonsa ya yi rauni. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne. Haƙuri na zo ba shi, sai ya riga ni magana.

"Allah shi jiƙan tsohuwa," ya ce. "Murhun nan, shina nan?"

"Yana nan, Baba. A kansa aka dafa abincin sadakarta."

Ya gyaɗa kai, ya shafa bakin fartanyar da babban yatsa.

"To madalla. In ka koma, ɗana, ka buga mai hatimin."