Nauyin Sarƙar Badagiri

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, da misalin ƙarfe biyar na yamma. Muna rumfar mai shayi a Magama, dab da shingen iyaka: ni, da kawunmu, da direbobi uku masu jiran takardunsu su wuce Maraɗi, sai ƙanena, shi ma direba, da ya dawo daga kai shanu Legas.

Tun da na bar aikin rediyo, ni ake tambaya a rumfar nan. In gardama ta tashi kan wani gari, ni ke yanke ta. Ba ni da gona, ba ni da mota. Abin da nake da shi ke nan.

Ƙanena ya ce lodi ne ya yi jinkiri, sai ya bi abokinsa Badagiri. “Su ma bakin iyaka ne, kamar mu,” in ji shi, “sai dai tasu har da teku.”

Sau uku na gabatar da shiri kan Badagiri. Na san gidajen da ake tsare bayi, da tsohon benen 'yan mishan, da gaɓar da in an kai mutum ba ya komowa. Duk a takarda na gan su.

Ƙanena ya ce a gidan tarihi an bar shi ya rataya sarƙar bayi a wuya. Direbobin suka ajiye kofuna.

Na gyara murya na soma bayanin yadda cinikin ya faro, da muryar da nake karanta labarai. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Kawu ya jira na kai aya.

“To Malam, nauyinta fa?”

Na kai hannu ga kofin shayina.

“Yaya bai ɗauka ba, Kawu,” in ji ƙanena yana dariya. Ya tafi motarsa ya ɗauko jak ɗin ɗaga mota, ya ɗora wa kawu a kafaɗa. “Kamar haka. Kuma da ita ake tafiya.”

Jak ɗin ya zagaya rumfar, kowa na cewa innalillahi. Da ya iso kaina na ce rigata fara ce. Yaron da na koya wa karatun agogo, shi ake kallo.

Bayan sati biyu gardama ta tashi kan Kalaba. Ina zaune a wurin. Kawu ya ce a bari sai direba, wato ƙanena, ya dawo.