Turaren Hajiya Jamilatu da Ƙararrawar Gobara

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗaya da Hajiya Jamilatu tsakanin Woolwich da Plumstead ya san ta, ko da bai ɗaga kai ya dubi fuskarta ba. Ƙamshinta ke riga ta shiga, kuma sai ta daɗe da sauka yake barin kujerar. Haifaffiyar Gashuwa ce. A gaban kakarta ta koyi haɗa turaren wuta, hawi da kajiji da sandal, a soya da sukari a zuba a kwalba ya tsumu. Aure ya kawo ta Landan da ƙuruciyarta, lokacin da maigidan ya samu aikin fassara a wani ofis a Marylebone. Ta haifa, ta aurar, ta yi shekaru tana zuba wa yara abincin rana a wata firamare, har Allah ya yi wa maigidan rasuwa.

Da ta fita takaba sai ta koma wurin 'yarta Zarah, wadda likita ce a Woolwich. Tsakani da Allah ba wanda ya ɓata mata. Sai dai in ta tashi wanke kofi a ce "Mama zauna", in ta ɗauki tsintsiya a karɓe. Hajiya ta ga so ake a mayar da ita kayan adon falo. Ita kuwa tun da take ba ta taɓa kwana a ɗakin da za ta bugi ƙirji ta ce nata ne ba, daga gidan uba sai na miji, yanzu kuma na 'ya. Da ta ji labarin wani gidan haya na tsofaffi a Plumstead, inda kowa ke da ɗan falonsa da kicin da ƙofarsa, sai ta kafe sai can. Zarah ta yi kuka, ta yi fushi, daga baya ta biya kuɗin ajiya tana ƙunƙuni.

Juma'ar farko Hajiya ta share ɗaki fes, ta hura gawayi a tsohon kaskonta na ƙasa da ta gada wurin kakarta, ta barbaɗa turare. Hayaƙi bai gama tashi ba wani ɗan farin faifai da ke manne a silin ya fara kururuwa, gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Kafin ka ce me, an kwaso tsofaffi zuwa wurin ajiye motoci, wani da sanda, wata da rabin kai a jiƙe, wani kuma ya fito riƙe da cokali mai yatsu don ya manta ya ajiye. Hajiya ta fito daga ƙarshe, a tsanake, tana ƙamshi kamar amarya, tana tambayar ina ne ya kama.

Manajan gidan, Mista Israel, ɗan Najeriya ne da ya yi bautar ƙasa a Katsina, ya tsinci 'yar Hausarsa a can. Yana shaƙar iskar ya gane.

"Mama, turare ne ko? Wallahi yana da daɗi. Amma nan ba a wuta, please."

Ta ce ta ji. Kuma ta ji ɗin, sai dai a nata lissafin laifin duk na faifan ne mai bakin tsiya. Juma'a ta gaba sai ta hau kujera, mace mai shekara saba'in da ɗoriya, ta ɗaure masa hular wanka. Shiru kake ji. Haka ta yi ta shan ƙamshinta tana jin daɗin wayonta, har ranar da masu duba na'urori suka zo suka tarar da faifai sanye da hula mai furanni, silin kuma ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Nan fa magana ta girma. Kamfanin da ke da gidan ya ce ta saɓa yarjejeniyar haya, ta sa ran mutane cikin haɗari. Za su riƙe kuɗin ajiya saboda silin, kuma za a zauna a duba ko za ta ci gaba da zama. Wannan na ƙarshen ne ya tayar wa Hajiya hankali. Ta daina cin abincin kirki, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar zama a ofishin Mista Israel, Zarah ta zo da shirinta, kai ka ce kotu za ta. Ta yi masa ruwan Turanci, cewa ba a yi wa mahaifiyarta bayani da harshen da take ji ba, kuma fentin silin ɗaya bai kai a cinye kuɗin ba. Hajiya tana gefe tana gyaɗa kai, tana alfahari da 'yarta. Sai ta ji Zarah ta juyo gare ta da Hausa.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Na ce su yi cancel ɗin komai, su ba mu deposit ɗinmu, ki dawo gida. Ɗakinki yana nan, ko labule ban canza ba."

Ashe nan aka dosa! Hajiya ta dubi 'yarta da kyau, ta ga idonta har ƙyalli yake. Yarinya ta zo ne ta faɗi shari'a da gangan, ta tafi da uwarta. Tausayinta ya kama ta, dariya ma ta so kufce mata.

Ta ce a ɗan jira ta. Ta hau ɗakinta ta dawo da kaskon naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta ajiye a kan tebur.

"Israel, ɗana, gaya wa masu gida na yi laifi. Hular nan ni na ɗaura, ba aljani ba. A kira mai fenti, a cire kuɗinsa a cikin ajiyar, saura a bar shi inda yake. Wuta kuma ni da ita a gidan nan har abada."

Mista Israel ya sauke ajiyar zuciya, ya ce in haka ne zai tsaya mata a wurin kamfani, ba inda za ta.

Sannan ta tura kaskon gaban Zarah.

"Ke kuma ungo. Kai shi Woolwich, ki sa shi a ɗakin nan da ba ki canza wa labule ba. Duk Juma'a zan zo in turara kayana a bayan gidanki, in ci tuwonki, in kamo bas ɗina."

Hawaye ya cika idon Zarah. "Haba Mama! Kaskon Kaka ne fa. Tun daga Gashuwa ba ku taɓa kwana a rabe ba."

Hajiya ta shafa bakin kaskon da ɗan yatsa, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Shi ya saba da zaman gidan mutane, Zarah, ba zai ba ki wahala ba. Ni ce na gaji."